Sai da Safe, Ta Ce

"Wayyo Allah! Yaya, dubi kogin!"

Auta ta fito daga tanti ko takalmi babu, tana kiran yayanta da suke doguwar tafiya a mota tare. Jiya da yamma ruwan nan iyakarsa gwiwa, motarsu ta ratsa shi salin-alin. Yau ya cika ya batse, jawur, yana jan itatuwa. Ashe ruwan sama aka kwana ana yi can gaba.

Ga Dogo a tsallake, tsaye jikin motarsa.

Dogo shi ne direban wata mota da suka haɗu da ita a hanya, suka jera ƙasa bayan ƙasa. Shi ke kafa musu tanti, shi ke hura wuta, shi ke ba Auta dariya har ta ƙware. Da yayanta ya lura sai ya haɗe rai, ko lambar waya ya hana su karɓa. Jiya ma da gangan ya tsallako da ita, ya bar su Dogo su kwana can.

Kafin su rabu Dogo ya tare ta a bakin ruwa.

"Sanyin idona, ba ni amsa. In zo gidanku?"

Ita kuwa gwanar jan aji, ta murguɗa baki.

"Sai da safe."

"To da safe ki yafito ni da hannu kawai. Wallahi ko wuta ce a tsakaninmu zan zo."

Ga safiyar ta zo.

"Na yarda!" ta ƙwala. "Dogo, na yarda!"

Ina! Rurin ruwa ya haɗiye muryar.

Yaya na naɗe tanti, ko kallonta bai yi ba. "Ruwan nan sai bayan damina. Su sai dai su juya. Shiga mota."

"Yaya, don girman Allah... ko garinmu bai sani ba fa!"

"Haka nake so."

Sai ta ga Dogo ya tuɓe riga, ya cire takalmi, ya shiga ruwa har cinya. Ya tsaya, idonsa a kan hannunta.

Tsoro ya kama ta. Ta san shi, ba ya magana biyu.

Yaya ya saki igiyar tanti, muryarsa ta yi sanyi. "Auta... in yaron nan ya ƙara taku ɗaya, gawarsa ma ba za a gani ba."

Hawaye suka wanke mata fuska. Ta ɗaga hannu biyu, ta kore shi. Ta sake korarsa, da ƙarfi, kamar mai korar kaji.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya fita, ya ɗauki rigarsa, bai waiwayo ba.

"Na yarda fa, masoyina..." ta faɗa a hankali.

Ta shiga bayan mota, ta danne hannayenta a ƙarƙashin cinya, don ba ta amince da su ba, har kogin ya ɓace.