Farar Ƙasar Tsakiyar Tafki

A wani zamani can baya, an yi wata makauniyar tsohuwa da ke zaune da jikarta a gefen wani tafki da ya daɗe da ƙafewa. Kullum zancenta ɗaya ne, ruwan tafkin na da, da gansakuka kore shar a kansa.

Wata rana ta ce, "Jikalle, ɗebo mini farar ƙasa a shafe ɗakina. Amma ta tsakiyar tafki, ba ta baki ba."

"Kaka, me ya raba su?"

"Gansakukar da ta mutu a baki, shanu sun tattake ta, ta ruɓe. Wadda ta nutse a tsakiya kuwa, laka ta lulluɓe ta shekara da shekaru har ta zama fara fat."

Yarinya ta ɗauki ƙwarya da fartanya ta fita, rana na dukanta. A bakin tafki ta ga ƙasa fara-fara, zuciyarta ta ce, ai Kaka ba ta gani. Ta tsuguna za ta ɗiba, sai ta fasa, ta miƙe. Ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya har tsakiya. Ta haƙa, ta haƙa, ta wuce baƙar laka, sai ga farar ƙasa, laushi kamar gari.

Da aka kwaɓa, tsohuwa ta murza a yatsu, ta kai hanci.

"Ta tsakiya ce," in ji ta. "Nan babana yake tsayar da kwalekwalensa. Shafa a hankali, in daɗe ina jin ƙanshin."