Na'urar Da Ta Kai Ƙarar Mai Ita

Da Sufeto ya iso kamfanin, har an zaunar da maigadi a ƙasa, an ƙwace masa makullai. Tsoho ne, hularsa a hannu.

"Shi ne, yallaɓai," in ji Manaja. "Ku tafi da shi."

"Ba kai za ka faɗa mini wanda zan tafi da shi ba. Me aka sace?"

Kamfanin yana rubuta manhajar da asibitoci ke auna magani da ita. Abin da ya ɓata kwamfuta ce guda, mai gwaji. Wata ma'aikaciya da ake kira Anti ta yi masa bayani.

"Duk wanda ya gama aikinsa, ita yake tura wa. Ta haɗa da na kowa, ta gwada da kanta. In lafiya, fitilar can ta bango ta yi kore. In da kuskure ta yi ja, mai kuskuren kuma ya wuni yana dafa wa ofis shayi, ana yi masa tsiya."

Sufeto ya duƙa ƙarƙashin teburin. An zare wayoyi a hankali, an naɗe su tsaf. Ga kwamfutocin hannu masu tsada a fili, ba wanda ya taɓa. Ɓarawon titi ba ya naɗe waya.

Ya kira babban injiniyansu, wanda ake wa laƙabi da Malam Kore don bai taɓa sa fitilar ta yi ja ba. Shi ya girka na'urar tun farko.

"Yaushe ka tashi jiya?"

"Da wuri. Na gama aikina tas, sai turawa."

"Wa kake zargi?"

Ya kalli maigadi, ya kawar da kai. "Ban sani ba."

Sufeto ya koma wurin Anti. "Fitilar nan, da waya take jone da na'urar?"

"A'a, ta intanet suke magana."

"To in na'urar tana kunne a wani wuri fa?"

Anti ta ja kujera, ta tura wani ɗan gyara. Can sai fitilar ta kawo kore.

"Tana raye!" in ji wani daga baya. "Ɓarawon ma ya biya mata intanet!"

Aka yi dariya. Sufeto bai yi ba. Wanda ya sata ba sayarwa zai yi ba, aiki yake so ta yi masa a ɓoye.

"Kowa ya tura nasa yanzu, ina kallo," in ji shi.

Suka tura ɗaya bayan ɗaya. Kore, kore. Malam Kore ya naɗe hannu.

"Nawa bai kammala ba."

"Ɗazu ka ce ka gama tas."

"Akwai ɗan abin da…"

"Tura."

Ya tura. Fitilar ta yi ja. Ba wanda ya ambaci shayi.

"Tana ɗakina," ya ce da ƙyar. "Jiya na ga alamar lissafina ba daidai ba ne. Na ce in kai ta gida in gyara, in dawo da ita kafin kowa ya gani. Na manta ni na koya mata ta riƙa kai rahoto da kanta."

"Don gudun tsiyar yara ka bar dattijo a ƙasa tun safe?" in ji Sufeto.

Malam Kore ya je ya durƙusa gaban maigadi. "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe, ɗana. Amma ka bi 'yan sandan."

Sufeto ya harari Manaja har sai da ya miƙa wa tsohon makullansa da hannu biyu, ya ba shi haƙuri.

Kofur ɗin da ya zo tare da Sufeto ya riƙe hannun Malam Kore. A bakin ƙofa Malam Kore ya tsaya, ya juyo.

"Anti, kuskuren yana wurin nauyin jarirai. Yana ninka maganin. Kada ku saki manhajar sai kun gyara."

"Na ji, Malam. Za mu gyara, kuma za mu jira ka dawo ka duba."

Tun kafin motar 'yan sanda ta fita daga harabar, su Anti sun kewaye teburinsa, sun fara neman layin da kuskuren yake a cikin manhajar.