Sunan da Ya Suɓuce wa Jimrau

Ranar da Kadija ta fara ganin Jimrau, kallo ɗaya ta yi masa daga sama har ƙasa, ta taɓe baki a cikin niƙabinta.

A wani ajin lakkwal ne, wato makarantar boko, a Dakoro, bayan ƙaramar Salla, inda 'yan gurup ɗin Watsap mai suna Zaratan Alƙalumma suka haɗu ido da ido karo na farko. Wai zarata! Rabinsu ba su taɓa kai labari ƙarshe ba. Ga Tauraruwar Sahara can tana ta ɗaukar kanta hoto. Ga Yariman Ƙauna da hular da ta fi kansa girma. Ga kuma adimin Sha'ibu, wanda ya naɗa wa kansa sarautar Limamin Marubuta, alhali abin da ya taɓa rubutawa a duniya bai wuce dokokin gurup ba.

Kadija malamar lakkwal ce, a gurup kuma Gimbiya ake kiranta. Ban da adimin da ya yi mata rajista, ba wanda ya san ko ita wace ce, shi ya sa ma ta zo da niƙabi. Mahaifinta, Malam Halidu dillalin shanu, ya sha faɗa cewa rubutun salula aikin 'ya'yan da ba a kwaɓa ne. In ya ji tana ciki, ita da rubutu sun rabu ke nan, kuma duk duniya ba abin da take so kamarsa.

Ana tsakiyar taro Jimrau ya shigo, rigarsa duk baƙin mai, warin awaki na biye da shi. Direban katkat ne, motar nan mai ratsa yashi, mai jigilar mutane da dabbobi tsakanin Dakoro da Azagor. Ko sunan alƙalami bai da shi.

Al'adar gurup ce a yi labarin haɗaka: a jefa ƙuri'a, mutum biyu su ɗauki labari ɗaya, wannan ya yi shafi, wancan ya ɗora, kuma ba mai goge abin da abokinsa ya rubuta. Ƙuri'a ta haɗa Gimbiya da mai warin awaki.

"Adimin, a sake jefawa," in ji Kadija. "Labari zan rubuta, ba lodin buhu ba."

Jimrau ya yi murmushi, ya ce, "Madam, na karanta labaranki. Ki bari in taimaka miki, ko mutanenki sa taka ƙasa sau ɗaya."

Ji min mutum! Har ta isa gida tana tsaki.

Ita ta buɗe da shafin farko. Ta kawo jarumi, Alhaji Mainassara, saurayi mai gidan sama da jibgegiyar mota baƙa, ya taso daga birni takanas don ya ga jaruma Zulaihat. Sitika suka yi ta zuba a gurup, wuta da zuciya da tafi. Hawa, wadda ke karanta kowane shafi da murya don masu sauraro, ta karanta shi har da shessheƙa, don rabin masu bin labarin a garin ba karantawa suke ba, ji suke yi.

Washegari Jimrau ya ɗora nasa. Ya kafe motar Alhaji a yashi, ya sa rana ta narkar da turarensa, ya sa wani makiyayi ya ɗauko shi a bayan jaki.

Kadija ta bi shi ta lambarsa.

"Wa ya ba ka izinin kafe min mota?"

"Hanyar ce ta kafe ta, Madam Raini. Ni shaida ne kawai."

"Sarkin Kafewa. Bari ka gani."

Ta aiko wa Alhaji jirgi mai saukar ungulu. Jimrau ya ce matuƙin ya sauka ya sha shayi a rugga, ya ƙi tashi sai an yi na uku. Ta ba Zulaihat ciwon so mai kwantarwa a likita, ya ce ai cikinta ne ya ɓaci da nonon raƙumi. Gurup ya rabu biyu, ana ta zage-zage da sitika, mutanen da ko sallama ba su iya rubutawa daidai sun zama alƙalan adabi.

Sai dai wani abu ya fara damun Kadija. In tana cikin aji ta ji salula ta yi motsi a jaka, sai hankalinta ya bar darasi. In rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke masa a daji, ta yi ta masifa ga kowa a gida ba dalili. Hirarsu kuma ta daɗe da barin Alhaji Mainassara.

"Madam Raini, na iso Azagor lafiya. Na ga wata akuya mai harara irin taki, na gaishe ta."

"Allah ya shirye ka. Ka ci abinci?"

"Yanzu dai na ƙoshi, tunda kin tambaya."

Wata rana ya rubuto, "Na gaji da Gimbiya. Mi ne sunanki na yanka?" Ta daɗe tana kallon saƙon. Ta ce wa kanta direba ne fa, mai baƙin mai a farce. Sannan ta rubuta, "Kadija. In ka faɗa wa wani, na kashe Alhajinka a shafi na gaba."

Sha'ibu bai ji daɗin wannan haɗakar ba ko kaɗan. Da ma ya daɗe yana turo mata waƙoƙin da ya kwaso a wasu gurup ya canza musu suna. Amsarta kullum ɗaya ce: "Na gani."

Labari ya zo inda Alhaji, wanda yanzu ya rasa mota da turare da girman kai, zai buɗe wa Zulaihat zuciyarsa. Shafin ya faɗo kan Jimrau. Ya buga shi da hantsi a tasha ana lodi, ya tura, ya ta da mota ya shige dajin da babu rezo.

Kadija ta buɗe gurup a lokacin hutun 'yan aji, ta karanta:

"Ba ni da abin da zan burge ki da shi. Ki raina ni iya son ranki, ni dai in ji muryarki. In kika yarda da ni, ba zan taɓa raba ki da abin da kike so ba, ko da tuwo zai ƙone a tukunya kina kansa. Ina son ki, Kadija."

Ta sake karantawa. Ba Zulaihat ya rubuta ba. Innalillahi! Ta kira shi, ba ya shiga. Ta sake kira, shiru. Kafin azahar Hawa ta karanta shafin da murya, har da jan sunan kamar mai kiran ɗiyarta, ya bazu salular matan gari.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi, don Kadija ba ɗaya ba ce a Dakoro. Sai ga Limamin Marubuta ya fito da rawaninsa na kare mutunci:

"Jama'a, a matsayina na adimin, ina gargaɗi. Kada wanda ya kuskura ya zargi 'yar'uwarmu Gimbiya, wato Madam Kadija Halidu ta lakkwal, ɗiyar Malam Halidu dillali. Yarinyar kirki ce."

Kun ji mugunta da tsarki. Ko lambar gidan ce kaɗai ya manta.

Kafin la'asar magana ta isa kara, kasuwar dabbobi. Malam Halidu ya shigo gida ko sallamar kirki babu, ya miƙa hannu.

"Ba ni salular."

"Baba, ka tsaya ka ji..."

"Na ji! Duk kara ta ji! Ina tsakiyar ciniki ana kunna min sunan ɗiyata a bakin wani direba. Wannan shi ne karatun da na yi miki? Daga yau ke da rubutun banza har abada."

Ya jefa salular cikin akwatinsa ya kulle. Kadija ta shige ɗakin Inna Uwale, mahaifiyarta, ta yi kuka mai isarta. Haushin Jimrau take ji kamar ta shaƙe shi, kuma kewarsa ba ta bar ta ta ci abinci ba.

Ba a rufa mako ba Sha'ibu ya zo da babbar riga, ya durƙusa a zaure, ya ce shi zai rufa mata asiri ya aure ta, kuma ya yi alkawarin ba za ta ƙara taɓa rubutu ba. Kadija na bayan ƙofa tana ji. Mutumin da ya yaye mata zane ne ya zo sayar mata da mayafi. Malam Halidu ya ce zai yi shawara.

Shi kuwa Jimrau, da ya fito daga daji rezo ya dawo, saƙonni suka yi ta faɗowa har salularsa ta yi zafi. Adimin ya kafa masa sharaɗi: ya fito ya ce kuskuren bugu ne, bai san wata Kadija ba, ko a cire shi. 'Yan gurup suka baza kunne suna jiran abin tsegumi. Jimrau dai wanka ya yi, ya ɗauko kawunsa Mutari, suka nufi gidan Malam Halidu.

Malam Halidu ya dube shi kamar yadda yake duban saniyar da aka ɓoye wa ciwo.

"Kai ne marubucin? Kai ne ka kira sunan ɗiyata a gaban duniya kafin ka kira shi a ƙofar gidana?"

"Ni ne, Baba. Na yi laifi, hannuna ya riga ni. Amma ba zan ce ban san ta ba, don ƙarya ce."

"To, tunda kana da baki a salula, karanta min shi nan. Gaban kawunka. Da ƙarfi."

Wayyo Jimrau! Mutumin da ke ratsa daji ba ya ko ɗar, sai ga shi gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya karanta, kawu Mutari ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Da ya zo kan sunan, bai tsallake ba. A bayan ƙofa Kadija ta toshe bakinta da mayafi, Inna Uwale na dafe da kafaɗarta.

Malam Halidu ya ce, "Zancen tuwon nan. Na labari ne, ko naka ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Ko ya ƙone?"

"Ina cin ƙanzo."

Malam Halidu ya ja tsaki, amma gefen bakinsa ya motsa. "Wani ya zo nan ya ce zai gyara min ɗiya, kamar na ce masa ta lalace. Na bincika, ashe shi ya ba duniya sunana. Kai kuma ka zo da laifinka a hannu." Ya ɗaga murya. "Kadija! Na san kina nan. Kina son wannan sakaran?"

Daga bayan ƙofa murya ta fito ƙasa-ƙasa: "Baba, sakarai ne ƙwarai. Amma a bar min shi."

Bayan damina aka ɗaura aure. Sha'ibu ya cire su duka biyu daga gurup saboda "karya doka", sai mutane suka yi ta ficewa suna bin su sabon da Hawa ta buɗe, har aka bar Liman da Yariman Ƙauna suna tura wa juna sitika.

Duk tsawon lokacin nan salular Kadija na kulle, Malam Halidu bai ƙara ta da zancenta ba, ita ma ba ta yi ƙarfin halin tambaya ba. Ranar da za a kai ta, ta durƙusa gabansa tana kuka. Ya yi mata nasiha, ya sa mata albarka, sannan ya laluba aljihu ya ɗora mata salular a tafin hannu. Cike take da caji.

"Ni dai har gobe ban ga amfanin abin nan ba," ya ce, yana kallon gefe. "Amma uwarki ta hana ni sakat, wai an bar wani Alhaji tsaye a rana yana jiran amsa. Ki je ki sallame shi. Kuma ki sa sunanki na gaskiya. Ɗiyar Halidu ba ta ɓuya."

Kadija ta kifa kai a gwiwarsa, kukan ya ƙwace mata.

Da hantsin wata Asabar, a ɗakinta na aure, ta zauna bakin gado tana buga shafin ƙarshe. Jimrau ya leƙo daga tsakar gida.

"Madam Raini, ina jin ƙauri."

"Kai ka yi alkawari, Sarkin Kafewa."

"Na yi. Ci gaba, na sauke tukunyar."

Ta sa Zulaihat ta ce wa Alhaji ta yarda, ta hau da su jaki ɗaya suka nufi gida. A ƙasa ta rubuta: Kadija Halidu da mijinta Jimrau. Ta tura.

Saƙon farko da ya shigo na murya ne, daga salular Inna Uwale. Sai dai ba muryar Inna ba ce. Gyaran murya aka yi irin na dillalin da ya saba tsawata wa kasuwa, aka ce, "To, madalla. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari." Sannan aka ƙara da cewa, "Amma jaki ɗaya ba ya ɗaukar mutum biyu a yashin nan. A gyara."