Jan Tattasai a Bangon Budimir

Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, amma mafi muninsa shi ne kwaɗayin gidan matar ɗan'uwanka tun ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba.

Ranar Talata da hantsi, Inna Zorka ta faɗo ofishin 'yan sanda da takalmin roba, taɓo har gwiwa. Mijinta ya rasu bara, ya bar mata gida a gangaren ƙauyen Leskovo.

"Yallaɓai, ka kama min Stojan magini! Ɓarawo ne!"

Insifekta Milutin Ilic ya ajiye kofin gahawarsa. "Zauna, Inna. Me ya sata?"

"Ban zo zama ba. Naɗin tabarmar kwalta takwas na saya don a tare ruwa daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, huɗu sun yi ƙafa. Ya ce ya binne bututu, ga ruwa nan har idon sawu. 'Yata za ta dawo daga Jamus da 'ya'ya biyu, a ɗakin nan za su zauna. In bai bushe ba kafin dusar ƙanƙara ta sauka, ba za ta zo ba, ni kuma ba zan iya riƙe gidan ni kaɗai ba. Sai dai in sayar."

"Wa zai saya?"

"Wa kuwa? Budimir, ƙanin mijina. Sau uku yana taya shi."

Insifekta ya ɗauki hularsa.

A ɗakin ƙasa suka tarar da Stojan tsaye cikin ruwa, idonsa ja wur.

"Shekara talatin ina gini, yau ni ne ɓarawo?" in ji shi. "Na ce mata ba zan yi yaɓe ba sai bango ya bushe. Na haƙa rami a bayan bango, na zuba tsakuwa, na kwantar da bututu. Kwalta na manna huɗu, saura huɗu na jingine a rumfa."

"To ina suke, uban gwaninta?" Zorka ta daka masa tsawa.

"Tambayi rumfarki!"

"Ya isa haka," in ji Insifekta.

Ya bi bango yana shafawa da tafin hannu. Ɓangaren tudu, inda ruwan sama ke gangarowa, a bushe yake ƙamas. Ɓangaren gangare ne ke tsatsafo. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba ya hawa tudu sai an tare masa gaba.

"Ina bututun nan yake zubarwa?"

"A kwatar bakin hanya," in ji Stojan. "Ya bi ta gefen gidan Budimir. Shi ya ba mu izini, har da murmushi."

Budimir yana tsakar gidansa yana jera tattasai a zare. Ya miƙe da fara'a.

"Ranka ya daɗe, a kawo maka ruwan fulam mai ƙarfi, barasarmu ta gida? Na bana ne."

"Ina bakin aiki. Ka ga wanda ya ɗauki kwaltar Inna Zorka?"

"Ni? Ko rumfarta ban sani ba. Ai na sha gaya mata, gidan nan a kan idon ruwa aka gina shi. Ta sayar ta huta, ta ƙi."

"Wa ya ce maka a rumfa take?"

Budimir ya yi tari. "Ai kowa a rumfa yake ajiye kaya."

Insifekta ya dubi hannunsa. Baƙi ya cika ƙarƙashin farce, ga ƙunar wuta a babban yatsa.

"Wannan fa?"

"Akurkin kaji na gyara."

Insifekta ya waiga. Rufin akurkin tsohon kwano ne, tsatsa ta cinye shi.

"Buɗe min ɗakin ƙasanka."

"Makulli na wurin uwargida, ta tafi ganin 'yar'uwarta. Ko ka zo da takardar alƙali ne?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ran Insifekta ya ɓaci, amma ya haɗiye. Ya koma wurin Zorka.

"Inna, kina da garin jan tattasai?"

"Wace mace ce a Leskovo ba ta da shi? Miya za ka yi mana?"

"Kawo rabin buhu. Kakana in zai gano inda ruwa ke bi a ƙarƙashin ƙasa, ba ya haƙa. Rina shi yake yi."

Aka dama garin a bokiti goma. Stojan ya buɗe kan bututu, suka ɗura. Suka gangara bakin kwata suka tsaya, maƙwabta suka taru. Awa guda, ko ɗigo bai fito ba. Stojan ya durƙusa ya zura hannu har kafaɗa, ya taɓo abu mai tauri. Da guduma da kurfi ya fasa shi: siminti ne, an cusa shi cikin tsohuwar safar ulu.

Zorka ta karɓi safar ta juya ta. "Wannan saƙar matar Budimir ce. Ita kaɗai ke yin dunduniya da zare kore."

"Safa ai ana yar da ita!" in ji Budimir daga bayan shinge.

Sai ga matarsa ta fito daga gida a guje, matar da aka ce ta yi tafiya, makulli na rawa a ɗamararta.

"Budimir! Bango na zubar da jini!"

Ba a nemi takardar alƙali ba, ita da kanta ta buɗe ƙofar ɗakin ƙasan gidansu tana alamar gicciye. Jan ruwa na kwarara ta tsakanin duwatsu. A jikin bangon kuwa ga naɗin kwalta huɗu an manna su karkace, sun kumbura kamar cikin kwaɗo.

Stojan ya yi dariyar takaici. "Daga ciki ka manna? Sakarai! Daga waje ake sa kwalta. Ka sata, ka kuma kasa aiki da ita."

"Yi magana," in ji Insifekta.

Budimir ya zauna a kan ganga. "Na toshe ne don ruwa ya koma mata ta gaji ta sayar. Ban san zai ɓullo min ba. Da ya fara shigowa, na ji kunyar zuwa kanti sayen kwalta, kowa zai tambaya. Gidan ubanmu ne, yallaɓai."

"Gidan yayanka ne!" Zorka ta matso har hancinsa. "Kai ka ɗauki akwatin gawarsa, kana kuka kamar gaske. Jikokinsa ka so ka bari a titi!"

Ta juya ga Stojan, murya ta sauka. "Na ci mutuncinka a gaban mutane. A gabansu nake neman gafara."

"Kawo gahawa, Inna. Mako uku bangon zai bushe."

Insifekta ya sa wa Budimir ankwa. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, shi kuwa nasa ya kai har ƙarƙashin gadonsa. Gangar cuku uku sun ruɓe. Dankalin hunturu buhu goma sha biyu ya yi tsiro a cikin ruwa. Bangonsa ya tsage daga tushe har taga, kuma babu maginin da zai taɓa shi a Leskovo. Matarsa ta tafi gidan 'yar'uwarta, wannan karon da gaske. Gidan da ya yi kwaɗayi kuwa, ta tagar motar 'yan sanda ya ga Stojan yana auna wa Zorka sabon ɗaki a jikinsa.