Babin da Mardiyya Ba Ta Rubuta Ba

Akwai maganar da ake sakewa a waya don a jawo masu karatu, sai ta jawo wanda ba karatu ne ya kawo shi ba. Irinta ce ta fita daga wani ofis a Doka ranar Juma'a, kuma babu wanda ya hango haɗarinta sai da yarinya ta ɓace.

Ranar Litinin da hantsi aka shigo wa Sufeto Ila Yalwa da mutum biyu. Na gaba kafinta ne daga Badarawa, Malam Lawan, hularsa a hannu. Na bayansa maƙwabcinsa ne, Ado mai kemis, wanda ya goyo shi a babur.

"Ranka ya daɗe, 'yata ce, Mardiyya. Jiya da safe ta fita Islamiyya, har yanzu shiru."

"Wayarta fa?"

"A kashe."

"Tana da saurayi?"

"Babu. Daga makaranta sai ɗakin uwarta."

Ado ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, yaran nan masu rubuta littafi a waya, ba ka sanin da wa suke hulɗa."

Malam Lawan ya waiwayo. "Wane littafi kuma?"

"A'a, misali dai nake yi."

Sufeto ya ɗauki hularsa ya ce su je gidan.

Harira, mahaifiyar yarinyar, tana zaune a tsakar gida, idanunta sun kumbura. Duk tambayar da aka yi mata sai ta ce ba ta sani ba, tana satar kallon mijinta. Sufeto ya roƙi Malam Lawan ya shiga ɗaki ya nemo masa hoton Mardiyya.

Yana ba da baya, Sufeto ya rage murya. "Baiwar Allah, ran 'yarki muke nema. Me kike ɓoyewa?"

Ta fashe da kuka. "Rubutu take yi. Wani kamfani a Doka ke sa mata a waya, da sunan Baƙuwar Unguwa. Ta roƙe ni kada babanta ya ji."

"Ban da ke, wa ya sani a unguwar nan?"

"Wallahi babu."

Ofishin kamfanin, Fitilar Waya, ɗaki ɗaya ne a saman bene, da kwamfuta biyu da fanka mai ƙara. Mai kamfanin, Hajiya Samira, ta tarbe shi da fara'a, ta buɗe masa shafinsu. Duk Juma'a, in ji ta, suna fitar da zaɓin littattafan mako da labarin marubuta: ga na soyayya, ga na tarihi, ga na girke-girke, ga na aljanu, ga wadda ta haihu ana yi mata barka.

Sufeto yana gangarawa har yatsansa ya tsaya. An rubuta: "Shagon Kan Kwana, na Baƙuwar Unguwa. Labarin mai kemis da ke sayar wa matasa ƙwaya da maganin tari ta ƙofar baya. Labarin gaskiya ne. A babin ƙarshe za ta faɗi sunansa."

'Yarsa Hauwa ma irin waɗannan shafuka take bi, kullum kanta a sunkuye kan waya.

"Da gaske labarin gaskiya ne?"

Ta yi dariya. "Haba Yallaɓai, talla ce. Kowa haka yake yi. In ba ka ce gaskiya ne ba, wa zai buɗe?"

"Mardiyya ta san kin rubuta haka?"

"Ban samu na gaya mata ba."

"Wa kika faɗa wa sunanta na ainihi?"

"Babu kowa. Sirrin marubutanmu amana ne."

"Tun jiya ba a gan ta ba, Hajiya."

Dariyar ta ɗauke. Idonta ya sauka kan wani kwali a ƙarƙashin tebur, ta yi maza ta kawar. Sufeto ya jawo shi. Turmin atamfa ne a ciki da turare.

"Wannan fa?"

"Kyautar masoya ce. Masu karatu sun saba kawo wa marubuta." Ta sunkuyar da kai. "Ranar Asabar wani ya zo da takunkumi a fuska, wai mura yake yi. Ya ce matarsa ba ta barci sai ta karanta Baƙuwar Unguwa, yana son sunanta ne don su riƙa sa ta a addu'a. Na ce Mardiyya Lawan. Sai ya ce, ta Badarawa?"

Sufeto ya juya kwalin. Na maganin tari ne. 'Yan sari kan rubuta sunan mai kaya da unguwarsa a jikin kwali kafin a ɗora wa mota. An yage wurin sunan, amma an bar unguwar: Badarawa.

Bai yi mata sallama ba ya sauka da gudu.

Kemis ɗin Ado yana daidai kan kwana, da benci a gabansa, yana kallon tagar gidan Malam Lawan. Ado na ciki yana ba kafintan baki, har ya buɗe masa lemo. Sufeto ya dire kwalin a kan kanta.

"Ka san wannan?"

"Kwali ai duk kamarsu ɗaya, Yallaɓai."

"Haka ne. Mahaifin yarinya bai san tana rubutu ba. Uwarta ba ta gaya wa kowa ba. Kai a ina ka ji?"

"Ai na ce misali ne."

"To, mu je Doka. Ka sa takunkumi, ka ce wa Hajiya Samira matarka ba ta barci."

Daidai nan wayar Ado ta fara ruri a kan kanta. Babu suna, lamba ce kawai. Ya dube ta, gumi ya keto masa, bai ɗauka ba. Sufeto ya lura ba shi Ado yake tsoro ba, mai kiran yake tsoro.

"Wane ne?"

Ado ya zame ya zauna a ƙasa. "Mai kayan ne. Ni sayarwa kawai nake yi. Shi ya turo min tallar da labarin, ya ce kwana, benci, ƙofar baya, duk shagona ne. Ya ce in ta faɗi sunana, saura nasa."

"Ina take?"

"Na tare ta a hanya, na ce babanta ya faɗo daga kan rufi a Mando. Ta hau babur tana kuka. Tana sito ɗina a can. Ya ce yau zai zo ya ɗauke ta bayan La'asar."

Lemon ya suɓuce daga hannun Malam Lawan. "Ado, kai ka yi mata huɗuba ranar da aka haife ta."

A masallacin unguwa ladan ya riga ya fara gwada lasifika don kiran La'asar.

Har motar ta isa Mando Malam Lawan salati yake ta yi. Sufeto ya hana a kunna jiniya. Siton yana bayan wani kango. Sajen da suka taho da shi ya ɓalle kwaɗon, ƙofar ta buɗe.

Tana kwance tsakanin kwalaye, an ɗaure mata hannu da igiyar roba ta babur. Ba ta motsi. Sufeto ya durƙusa ya kai yatsu wuyanta, ya daɗe a haka kafin ya ce, "Da ranta. A kawo ruwa."

Da ta farfaɗo ta ga mahaifinta, sai ta ɓoye fuska. "Baba, ka yafe min."

Malam Lawan ya riƙe kanta.

Sufeto ya tambaye ta a hankali sunan wa ta yi niyyar faɗa.

"Ba kowa. Ban ma rubuta babin ba. Shagon Baba Ado nake hangowa ta taga, sai na ari kwanar da bencin. Sauran duk ni na ƙirƙira."

Ado na tsaye da ankwa a hannu, ya ji da kunnensa. Aka tura shi bayan mota.

Suna shirin tashi, wata baƙar mota mai duhun gilashi ta shigo layin. Ta rage gudu daidai kangon, sannan ta wuce. Babu lamba a bayanta.

Ado ya rantse bai taɓa ganin fuskar mai kayan ba, ta waya suke magana. An bi layin wayar, an tarar da sunan wani mamaci aka yi masa rajista. Hajiya Samira ta goge tallar, amma ta riga ta zaga. Har yau ba a san wanda ke cikin motar nan ba, ba a kuma san ko ya yarda cewa Mardiyya ba ta san sunansa ba.