Sheƙar da Auta Ta Ɗauka

A makarantar su Auta akwai ƙungiyar masu ɗaukar hoto. Duk ranar Litinin, bayan an tashi, Malama takan tara su a ajin da ke kusa da ɗakin karatu. Sai ta rubuta kalma ɗaya a allo. Kowa ya je ya ɗauko hoton da ya dace da kalmar, a duba ranar Alhamis.

An yi "Inuwa". An yi "Hanya". An yi "Ruwa". Auta ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba. Da wayar Mama take ɗauka, kuma ita ba ta iya tsayawa wuri ɗaya ba. Kafin abu ya fito sosai ta danna ta wuce. A makon "Ruwa", rabin hotonta babban yatsanta ne.

Dokokin ƙungiyar biyu ne kacal. Hoton ya zama kai ka ɗauka da kanka. Sannan duk abin da ka samu, tsuntsu ne ko fure ko ƙwaro, ka bar shi yadda ka same shi.

Wata Litinin Malama ta rubuta "Gida".

"Ba lallai gidan mutane ba," in ji ta. "Kuma ku saurara. Ranar Asabar za mu je bakin tafki. Wanda ya zo na ɗaya a wannan makon, shi zai riƙe kyamarar makaranta."

Auta ta daɗe tana son taɓa kyamarar nan. Ba ta ƙara jin abin da Malama ta faɗa ba har aka watse.

A bayan gidansu akwai bishiyar lemo, kusa da katanga. Ranar Laraba da yamma Auta ta ji motsi a cikin ganye. Ta jawo kujera ta hau. Sai ga sheƙar kurciya a tsakanin rassa biyu. 'Yan ƙirare ne kawai aka jera, ga 'ya'ya biyu a kwance, gashinsu bai gama fitowa ba. Uwar ba ta nan.

"Wannan shi ne gida," in ji Auta a ranta.

Ta ɗauki hoto. Ya fito duhu. Ta sake, ganye ya tare. Ta sake, sai ka ce hoton tsumma a cikin rami. Ta dubi katanga, ga rana ta haske ta tas.

Ta tuna da doka ta biyu, ba wai ta manta ba. Amma ta ce ai minti ɗaya ne, kuma ba wanda yake gani.

Ta zura hannu biyu a ƙarƙashin sheƙar ta ɗago ta. Wasu ƙirare suka zube. Ta ɗora ta a kan katanga, ta danna. Hoton ya yi kyau ƙwarai, har idanun 'ya'yan ana gani.

"Auta," Mama ta kira daga kicin. "Kawo mini wayata, ana jirana."

Auta ta mayar da sheƙar da sauri. Ba ta zauna daidai ba, ta ɗan karkata gefe guda. Auta ta gani. Ta tura ta da yatsa, ta sauko ta ruga ciki. Da yammar nan Mama ta tura wa Malama hoton.

Ranar Alhamis Malama ta jera hotuna a kan tebur. Wani ya kawo ramin tururuwa. Wata ta kawo gidan rina a jikin taga. Wani yaro ya kawo dodon-koɗi ɗauke da gidansa a baya, kowa ya yi dariya.

Malama ta ɗaga hoton Auta. Ta daɗe tana dubansa.

"Auta, ke kika ɗauka?"

Auta ta tambayi kanta: Hoton ake nufi, ko sheƙar?

"Ni na ɗauka, Malama," in ji ta.

"To, madalla. Ke ce ta ɗaya."

Aka tafa mata. Malama ta manna hoton a allon sanarwa. A hanyar gida Auta ta yi ta ce wa kanta ai ba ta yi ƙarya ba. An tambaye ta ko ita ta ɗauka, kuma ita ta ɗauka. Sai dai duk yawan maimaitawar, ranta bai yi daɗi ba.

Ta shiga gida ta tarar da Mama zaune a baranda da ɗan kwando a cinyarta. A cikin kwandon ga 'ya'yan kurciya biyu a kan tsohon ƙyalle. Ɗaya yana motsi. Ɗayan ya rufe ido ya yi lamo.

"Iska aka yi da rana," in ji Mama. "A ƙasa na tsince su, tururuwa har sun fara zuwa. Abin ya ba ni mamaki. Shekara uku kurciya tana sheƙa a bishiyar nan, iska ba ta taɓa kayar mata da ita ba."

Auta ta ajiye jakarta.

"Mama, mu ba su hatsi."

"Ba za su iya ci ba. Daga bakin uwarsu suke ci. In ba ta dawo ba, ba za su kai gobe ba."

Nan Auta ta fashe da kuka.

"Ba iska ba ce, Mama. Ni ce. Ni na sauke sheƙar don in yi hoto, ban mayar da ita daidai ba."

Mama ta dube ta.

"Share hawayenki," in ji ta. "Kuka ba zai ciyar da su ba. Je ki tsinto ƙiraren da suka zube, Babanki ya kusa dawowa."

Da Baba ya dawo daga aiki, Auta ta faɗa masa da bakinta. Ya cire hularsa ya ajiye, ya ɗauko tsani da igiya. Suka shimfiɗa ƙiraren a cikin kwandon. Baba ya ɗaure kwandon tam a tsakanin rassan nan biyu. Ya girgiza reshen ya ga bai motsa ba, sannan ya kwantar da 'ya'yan a ciki.

"Baba, za ta dawo?"

"Ban sani ba. Ga ta can a kan rufi tana kallonmu. In muna nan ba za ta sauko ba. Kowa ya shige ciki."

Auta ta tsaya a tagar kicin. Kurciyar ta sauko kan katanga, ta leƙa, ta tashi. Ta sake dawowa, ta sake tashi. Ba ta san kwando ba, kuma ba ta yarda da shi ba.

"Zo ki ci abinci," in ji Mama.

"Sai anjima, Mama."

Ƙafafunta suka gaji. Sauro ya cije ta a hannu, ba ta ko kai masa duka ba don kada ta yi motsi. Auta da ba ta iya tsayuwar minti biyu, ranar ta fi awa ɗaya a tsaye.

Rana ta kusa faɗuwa, sai kurciyar ta dira a bakin kwandon. Kai ɗaya ya ɗago, ta sa masa abinci a baki. Can sai ga kai na biyu ya ɗago a hankali.

"Mama," ta ce ƙasa-ƙasa, "duka biyun suna ci."

Washegari, kafin a shiga aji, Auta ta je ofishin malamai. Ta gaishe da Malama, ta tsaya tana murza yatsunta.

"Malama, jiya kin tambaye ni ko ni na ɗauka."

"Haka ne."

"Ɗauka biyu na yi. Na ɗauki sheƙar da hannuna na ɗora a katanga, sannan na ɗauki hoton. Saura kaɗan 'ya'yan su mutu."

Malama ta ajiye biro.

"Ni kuwa na ɗauka a kan katangar kika same ta," in ji ta. "Na ga siminti a ƙarƙashinta, na yi shakka. Amma na yarda da ke. Yanzu ya 'ya'yan suke?"

"Uwarsu ta dawo. Suna ci."

"Alhamdu lillahi. Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani, Malama."

Auta da kanta ta je ta cire hoton daga allon sanarwa. Yara suka kewaye ta da tambaya, ta faɗa musu abin da ya faru. Ta ji kunya sosai. Kyamarar ta koma hannun yaron da ya ɗauki dodon-koɗi.

Ranar Asabar an je bakin tafki har da Auta, da wayar Mama a hannunta. Ta ga yaron yana rataye da kyamarar a wuya, ta ji zafi a ranta, amma ta wuce. Ta sami wani farin tsuntsu mai dogayen ƙafafu a bakin ruwa. Ta zauna daga nesa ta jira. Da ya kama kifi, ta danna sau ɗaya.

Malama ta duba hoton ta ce, "Wannan ya fi na sheƙar. Yaya kika yi?"

"Jira na yi, Malama."

Bayan kwana goma, wata safiya, Mama ta kira ta tagar kicin. 'Ya'yan kurciyar suna tsaye a bakin kwando, gashinsu ya cika. Babban ya buɗe fiffike ya tashi zuwa katanga. Ƙaramin, wanda ya yi lamo ranar nan, ya daɗe yana leƙen ƙasa. Sai shi ma ya tashi, ya sauka kusa da ɗan'uwansa.

Auta ta rungume Mama don murna.

"Me kika koya?" in ji Mama.

"Ba hoton da ya kai ran wani, ko da ɗan tsuntsu ne," in ji Auta. "Kuma in an tambaye ni abu, in faɗi gaskiyar duka, ba rabinta ba."

"To, haka nake so," in ji Mama. "Yanzu ɗauki jakarki, kada ki makara."