Baƙon Asabar

Ranar da Delali ta fara kula da Mawuena, yana zaune ne a kan wani dutse a tsakiyar hanyar hawan tsaunin Kloto, ya cire takalmi ƙafa ɗaya yana duban bororon da ya fito masa a diddige. Malaman makaranta goma sha biyu ta ɗauko daga Kpalime da safe, 'yan Lome da suka zo hutu, shi kaɗai ya shigo daji da takalmin zuwa coci.

"Malam, wa ya ce maka ɗaurin aure za mu je?" in ji ta.

"Ai ba wanda ya gaya mini jagorar tana tafiya kamar an biyo ta."

Ta yi dariya, ta tsinko wani ganye ta murza ta ɗora masa a wurin. Sauran tafiyar a gefenta ya yi ta, yana ɗingishi yana jero tambayoyi. Ta nuna masa tohon ganyen bishiyar tik da ke fitar da ja idan an murza, da ɓawon itacen da take samun launin ruwan ƙwai daga gare shi, ta ce da su take rina zannuwa a rumfar mahaifiyarta. Kafin su sauko ya karɓi lambarta, wai don ya ba ta labarin ƙafarsa.

Washegari saƙo ya shigo: "Jagorata, ƙafa ta warke. Sai dai na dawo Lome da wani ciwon, shi kuma ban san ganyensa ba."

Ta amsa: "Ɗan Lome, ka sha ruwa da yawa, zai wuce."

Bai wuce ba. Duk Asabar sai ya shigo motar farko, ya ratsa layin masu sassaƙa da masu zane suna yi masa tsiya, ya zauna a bakin rumfa yana riƙe mata gefen zane. Wani lokaci su haura zuwa ƙauyen Kuma su ci fufu, wani lokaci su bi gonakin koko har magangarar ruwa.

Mahaifiyarta, Dada Yawavi, tana amsa gaisuwarsa a taƙaice. Wata rana bayan ya tafi ta ajiye ludayin da take zuba kakin rini da shi.

"Delali, garin nan kowa yana son sa kwana biyu. Ubanki ma haka ya zo daga Kotonu da allon zanensa, ya ce dajin nan ya kama shi. Ina da cikinki wata shida ya ce zai je ya sayo fenti. Ga Selom nan, tun kuna yara yake gabanmu. Shi na san inda zan same shi."

Selom maƙwabcinsu ne, mai sassaƙa ganguna, mutum mai haƙuri. Delali tana ganin girmansa, amma zuciyarta ba ta wurinsa.

"Dada, Mawuena ba haka yake ba."

"Ni ma abin da na gaya wa tawa uwar ke nan."

Sai ga Asabar biyu a jere bai zo ba, ya ce aiki ya riƙe shi. Ranar Laraba Selom ya leƙo rumfa, ya daɗe yana juya hularsa kafin ya yi magana.

"Delali, ba gulma na kawo ba. Jiya na ga mutuminki a nan garin tare da wata mata, sun shiga wani gida a bayan kasuwa. Na ga bai kamata ki ji a bakin wani ba."

Ta ci gaba da matse zanen da ke hannunta har yatsunta suka yi zafi. Ya shigo garin, bai neme ta ba. Ta rubuta masa: "Na ji ka zo. Ba sai ka yi mini bayani ba, mun saba da baƙi."

Ya kira sau tara ba ta ɗauka ba. Ranar Juma'a da hantsi sai ga shi a ƙofar rumfa da takarda a hannu. Dada ya fara miƙa wa.

"Dada, wata huɗu ke nan ina neman a mayar da ni aiki nan. Matar da aka gan mu tare shugabar makarantar da zan koyar ce, ita ta nuna mini ɗakin haya. Na ɓoye ne don kada in sa Delali ta sa rai kuma abin bai yiwu ba."

Delali ta dube shi, idonta ya cika. "Ka yi mini ƙarya har sau biyu."

"Na yi, masoyiyata. Ban kyauta ba."

"A gidan nan an taɓa ɓoye mana abu, mun san ƙarshensa. Ko labarin ba daɗi, ka faɗa mini."

"Daga yau kome za ki fara ji."

Dada ta karanta takardar a hankali, ta ninke, ta mayar masa. Ta ce ya fara zama tukuna, ta ga damina ɗaya ta wuce a kansa. Ya zauna. Ya koyi hawan dutse cikin taɓo, ya saba da wutar da ke ɗaukewa, har Selom ya koma abokin hirarsa.

Da aka fara tsinkar kofi danginsa suka zo daga Lome suka ƙwanƙwasa ƙofar neman aure da kwalaben abin sha da turamen atamfa. Aka ɗaura aure a ƙaramin cocin Kuma, amarya cikin zanen da ta rina da hannunta, Selom a gaban makaɗa.

Da za su tafi, Dada Yawavi ta dafa kawunansu ta ce Mawu, wato Ubangiji, ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya, ya sa su tsufa tare. Sannan ta kama hannun Mawuena ta rage murya.

"Ɗana, 'yata tana da baki, a wurina ta gada. Ranar da ta ɓata maka rai, kada ka nufi tasha. Gidana za ka zo."